Wa ke gaya wa ƙwaya ta zama ido ko ƙashi?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta hana ni sukuni tun da matata ta samu ciki muka fara zuwa awo. Ni aikina gini ne. Ba a aza bulo ɗaya sai an zana taswira, kuma dole a samu mai kula da aiki da zai ce wannan bango nan zai tsaya, wancan ƙofa ce. To mutum daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak yake farawa. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har a kai tiriliyan 30 da ɗoriya. An ce kuma DNA ɗin da ke cikin ƙwayar ido shi ne dai a cikin ƙwayar ƙashi. In haka ne, wa ke rabon aiki? Ni dai ina ganin dole akwai cikakkiyar taswirar jiki a cikin DNA, kowace ƙwaya da lambarta tun ranar farko. Masana ku warware mana.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam Injiniya. Allah ya raba lafiya. Wannan ra'ayi naka ba kai ka fara shi ba, manyan masana sun riƙe shi, har ma suka yi gwajin da suka ga kamar ya tabbatar da shi. A 1888 wani Bajamushe, Wilhelm Roux, ya ɗauki ƙwan kwaɗo da ya rabu biyu, ya soke ɗaya daga cikin ƙwayoyin da allura mai zafi ya kashe ta. Wadda ta rage ta ci gaba da girma ta ba da rabin tayi. Sai ya ce shi ke nan, tun rabuwar farko an raba gado, wannan ta ɗauki dama, waccan ta ɗauki hagu.

Bayan 'yan shekaru Hans Driesch ya gwada da ƙwan bushiyar teku. Shi bai kashe komai ba, girgiza su ya yi a cikin ruwa har ƙwayoyin biyu suka rabu. Rabi da rabi yake jira. Sai kowace ƙwaya ta ba da cikakkiyar halitta, ƙarama dai, amma babu abin da ya ɓace a jikinta. Daga baya aka gane abin da ya ruɗi Roux: gawar ƙwayar da ya kashe tana manne da mai ran, ita kuma mai ran tana jin maƙwabciya a gefenta, sai ta yi aikin rabi. Da aka raba su sarai, ƙwayar kwaɗon ma tana iya ba da cikakken tayi.

Ka ga ke nan ƙwaya ba lamba take bi ba. Tana duba wa ke kusa da ita, me yake faɗa mata, sannan ta san shafin da za ta buɗe a littafin gado, wato DNA.

Ungozoma: Malam ai mu muna ganin shaidar wannan a ɗakin haihuwa. Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai ɗaya suka fito. Da a ce an riga an raba lamba, da ɗaya ya zo da rabin jiki. Abin da aka koya mana shi ne, idan rabuwar ta faru a kwana 3 na farko, kowa da mabiyiyarsa. Idan tsakanin kwana 4 zuwa 8 ne, mabiyiya ɗaya suke tarayya amma kowa da jakar ruwansa. In ta yi latti har ta wuce kwana 13, nan ne ake samun waɗanda suka zo a manne. Shi ya sa bayan haihuwar tagwaye nake tsayawa in duba mabiyiya da kyau, tana ba da labarin abin da ya faru wata tara da suka wuce.

Injiniya: Na ji wannan Hajiya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma Malam, kalmar "faɗa mata" ɗin nan ce ban gamsu da ita ba. Ƙwaya ba ta da baki ba ta da kunne.

Ɗalibar Likitanci: Yaya Injiniya, bari in sa baki, don bara muka yi wannan darasin kuma har yanzu yana kaina. Bakin ƙwaya shi ne furotin da take fitarwa waje. Kunnenta kuma wani furotin ne da ke kafe a fatarta, wanda siffarsa ta dace da wancan kamar makulli da kwaɗonsa. Idan saƙo ya zo ya shige, sai kunnen ya motsa wasu sinadarai a ciki, su kai labari har cibiyar ƙwayar inda DNA yake, a buɗe wasu shafuka a rufe wasu. Ƙwayar da ba ta da wannan kunnen, ko saƙon ya yi mata wanka ba ta san ana yi ba.

Wani saƙon yana tafiya nesa kaɗan a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi. Wani kuma sai fata ta taɓa fata. Akwai ma ƙwayoyin da ke da 'yan ƙananan kafofi tsakaninsu, gishiri da ƙananan sinadarai suna wucewa kai tsaye daga wannan zuwa waccan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne harsunan ba su da yawa. Iyalai kaɗan ne: Wnt, BMP, FGF, Notch, Hedgehog da wasu 'yan kaɗan. Da su ake gina haƙori, da su ake gina huhu da yatsa. Ma'anar saƙon tana canzawa ne gwargwadon wanda ya ji shi da kuma abin da ya riga ya ji a baya.

Malamin Bayoloji: Madalla ƙanwata. Injiniya, tunda mai kula da aiki kake nema, bari in ba ka labarin lokacin da aka yi zaton an same shi.

Hans Spemann mutum ne mai haƙurin aikin hannu. A farkon ƙarni na 20 yakan ɗauki silin gashin jaririyarsa, saboda laushinsa, ya ƙulla shi a tsakiyar ƙwan wata dabbar ruwa dangin kwaɗo mai kama da ƙadangare. In ya matse gashin sosai ya samu 'ya'ya biyu cikakku. In ya matse kaɗan ya samu ɗaya mai kai biyu. Amma ya lura ba kowane ƙulli ke ba da biyu ba: sai idan kowane ɓangare ya samu rabonsa daga wani yanki na musamman a ƙwan. Wanda bai samu ba dunƙulen nama kawai yake zama, ba kai ba baya.

Ɗalibarsa Hilde Mangold ce ta yi gwajin da ya fito da sirrin wurin, a jami'ar Freiburg. Akwai lokacin da tayin yake kamar ƙwallo, sai wani ɗan rami ya buɗe a gefe, ƙwayoyin waje su fara kwarara ciki ta nan. Ta yanko leɓen saman wannan ramin daga tayin wani jinsi mai farin jiki, ta dasa a ɓangaren cikin wani tayi na jinsi mai duhun jiki. Ku yi tunanin aikin: abu bai wuce ƙwayar gero ba, da allurar gilashi ake yanka, kuma a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka yawancin waɗanda ta yi wa dashen mutuwa suka yi. A cikin 'yan kaɗan da suka rayu, sai ga jiki na biyu ya tsiro ta gefen cikin tayin, da lakarsa da tsokar bayansa, kamar tagwaye manne ciki da ciki.

Wurin da hikimar launin ta yi amfani shi ne da aka yanka aka duba. Mafi yawan jikin na biyu ƙwayoyi masu duhu ne, wato na mai masauki. Baƙin da aka dasa ba su gina jikin da kansu ba, sun sa 'yan gida ne suka bar abin da za su zama, wato fatar ciki, suka koma laka da ƙwaƙwalwa. An buga aikin a 1924. A shekarar ce Hilde ta rasu tana da shekara 25, sakamakon fashewar murhu a gidanta. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Duk lokacin da na zo wannan darasin sai na ambaci sunanta, don da hannunta aka yi aikin.

Injiniya: To ai ka ba ni gaskiya Malam! Ga mai kula da aikin nan, leɓen ramin. Shi ke ba da umarni.

Malamin Bayoloji: Haka kowa ya ɗauka, har suna aka ba shi, mai tsarawa. Aka shafe kusan shekara 70 ana neman sinadarin umarnin da yake fitarwa. Sai a 1992 aka gano wani furotin mai suna Noggin, a 1994 aka gano Chordin, duka daga wannan wurin suke fitowa. Da aka duba aikinsu, ba umarni suke bayarwa ba, toshe baki suke yi. Ƙwayoyin saman tayin suna ta aika wa juna BMP, wanda ma'anarsa a wurinsu ita ce "zama fata". Noggin da Chordin sai su cafke BMP kafin ya isa kunne. Inda aka yi shiru, ƙwayoyin sai su bi hanyar zama laka da ƙwaƙwalwa, wadda dama suna da ikon binta. Shi mai tsarawar bai san siffar ƙwaƙwalwa ba sam. Shi kansa kuma wasu ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa ne suka sa ya zama abin da ya zama. In ka bi sarƙar baya, kowane mai ba da saƙo akwai wanda ya ba shi.

Mai Kiwon Kaji: Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne amma ina bin ku. Ina da injin ƙyanƙyasa, kuma ina haska ƙwai da tocila a kwana na 4 ko na 5, in ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo da ɗan ɗigo a tsakiya. Kwana 21 tsako ya fito da baki da farce. Tambayata: fiffike biyu da ƙafa biyu, ya ake yi ba a taɓa samun babban yatsa a wurin ƙarami ba? Ya ƙwayar ta san ita a gaba take ko a baya?

Ɗalibar Likitanci: Baba, tambayarka da ƙwan kaza aka amsa ta. Fiffike yana farawa ne kamar ɗan ƙurji a gefen tayi. A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Saunders da Gasseling, suka yanko ɗan nama daga gefen baya na wannan ƙurjin suka dasa a gefen gaba na wani. Fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, jeri na biyu yana fuskantar na farko kamar an kafa madubi a tsakiya. A 1993 aka gano abin da wurin ke fitarwa, furotin da aka raɗa wa suna Sonic hedgehog, ana taƙaita shi Shh.

Yadda yake aiki kamar ƙamshin turare ne a ɗaki. Kusa da kasko ya fi ƙarfi, can bakin ƙofa da ƙyar ake ji. Ko idonka a rufe yake, ƙarfin ƙamshin zai gaya maka nisanka da kaskon. Ƙwayar da ta sha Shh da yawa kuma ta daɗe tana sha, ita ke shiga ƙaramin yatsa. Babban yatsa kuwa a wurin da saƙon bai kai ba yake fitowa. Lewis Wolpert ne ya tsara wannan tunanin a 1969, cewa ƙwaya tana karanta matsayinta daga yawan sinadarin da ya iso ta.

Ungozoma: To cindo fa? Ina yawan karɓar jarirai masu yatsa na shida, kuma sau da yawa in ka tambaya za a ce uban ko kakar ma da shi aka haife su.

Ɗalibar Likitanci: Cindo iri-iri ne Hajiya, kuma dalilansa sun bambanta. Amma akwai nau'in da ke fitowa ta ɓangaren babban yatsa wanda aka bi diddiginsa har gida. Shafin Shh lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wani ɗan makunni da ke kunna shi a hannu, wanda ke can nesa, kimanin haruffan DNA miliyan 1 daga shafin. Harafi ɗaya ya canza a makunnin, sai a kunna Shh kaɗan a gefen gaba ma, inda bai kamata ba. Kasko na biyu ke nan a ɗakin. Daidai abin da aka yi wa fiffiken kaza da wuƙa, sai dai wannan gado ne ya yi shi.

Dattijo: Subhanallah. Ina karantawa tun ɗazu. Yara, ku ci gaba, amma ina so wani ya amsa wa Injiniya ainihin damuwarsa, don na ga ba a taɓa ta ba. In kowa daga maƙwabcinsa yake ji, wa ya fara magana? Ƙwayoyi takwas iri ɗaya, kowa na kallon kowa. Daga ina bambancin farko ya zo?

Injiniya: Allah ya saka da alheri Baba. Nan ne gizo ke saƙar.

Malamin Bayoloji: Baba ka kai mu gindin magana. Amsar ta bambanta daga halitta zuwa halitta.

A ƙudan 'ya'yan itace uwa ce ke fara magana. Tun ƙwai yana jikinta take ajiye saƙon wani shafi mai suna bicoid a ƙarshe ɗaya. Bayan an haɗu da maniyyi, furotin ɗin ya bazu daga can, da yawa a kusa, kaɗan a nesa. Inda ya fi yawa nan ne kai. Ƙwan da uwarsa ba ta sa masa bicoid ba, ba ya yin kai, sassan wutsiya ne ke fitowa a gaba da baya. Christiane Nüsslein-Volhard da ɗalibinta Wolfgang Driever suka nuna wannan a 1988. Ita ce dai da Eric Wieschaus suka zauna a Heidelberg suna duba dubban tsutsotsin ƙuda ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma mai mazauni biyu, suna neman waɗanda tsarin jikinsu ya karkace, har suka fito da jerin shafukan da ke yanka jiki gaɓa-gaɓa a 1980. Sun raba Nobel na 1995 da Edward Lewis.

A ɓera da mutum kuwa, bambancin farko daga wurin zama yake zuwa. Wajen kwana na 3 ƙwayoyin suna kusan 8, kowace a zagaye kamar 'ya'yan inabi. Sai su matse juna su manne da wani gam mai suna kadherin, har ka kasa ganin iyakar wannan da waccan. Da suka ƙara rabuwa, dole wasu su tsinci kansu a tsakiya, maƙwabta sun kewaye su ta ko'ina, wasu kuma a waje, gefe ɗaya nasu yana kallon ruwa. Ƙwaya tana jin wannan bambancin. A ta waje wani furotin mai suna YAP yana shiga cibiya ya kunna shafukan zama mabiyiya. A ta ciki ana tsare shi a wajen cibiya, sai ta zauna cikin ɗan gungun da jariri zai fito daga gare shi. A mutum, a kwana na 5 an rabu gida biyu. An gwada a ɓera: ɗauki ƙwayar waje da wuri ka tura ta tsakiya, sai ta bi 'yan tsakiya. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai.

Akwai hanya ta uku, inda babu uwa babu wurin zama, sai gardama tsakanin tsara. Ƙwayoyi biyu suna manne, kowace tana ce wa 'yar'uwarta ta hanyar Notch, "kar ki zama jijiya, ni zan zama." Da ɗaya ta ɗan fi ƙarfin murya, ko da bisa dace ne, sai ɗayar ta rage tata, wanda hakan ke ƙara wa ta farkon ƙarfi. Kafin ka ankara ɗan bambancin da bai kai komai ba ya zama hukunci. Alan Turing, wanda aka fi sani da lissafin kwamfuta, ya nuna da lissafi tun 1952 cewa sinadarai biyu, ɗaya mai zugawa ɗaya mai hanawa, suna iya fitar da ɗigo-ɗigo da zane-zane daga fili wanda ko'ina iri ɗaya ne.

Injiniya: Wannan na gane shi, ya yi kama da yadda tsaga ke farawa a bango daga wuri mafi rauni. Amma na taɓa karanta labarin wata tsutsa da aka ƙirga ƙwayoyinta duka, kuma kullum lissafin ɗaya ne. In ba lamba, ya za a yi haka?

Ɗalibar Likitanci: Gaskiyarka Yaya, kuma ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Tsutsar ƙasa ce, tsawonta kamar milimita 1, jikinta garau ana ganin ciki. John Sulston ya zauna a Kambirij ta Ingila yana kallon ƙwayoyinta suna rabuwa, yana zanawa da hannu. Ana yin ƙwayoyin jiki 1090, guda 131 su kashe kansu, 959 su rage. Kullum haka, kuma waɗanda za su mutu su ne dai a kowace tsutsa. Ya samu Nobel a 2002 tare da Brenner da Horvitz.

Sai dai ko a cikinta an kama su suna magana. Akwai wasu ƙwayoyi biyu a wurin da al'aurarta za ta fito. Ɗaya za ta zama jagora, ɗaya ta shiga mahaifa. A rabin tsutsotsi ta wannan gefen ce ke zama jagora, a rabi ta wancan. In aka ƙone ɗaya da hasken leza, wadda ta rage ita ke zama jagora ko wace ce. Gardamar Notch ɗin da Malam ya faɗa ce. Lissafin yana fitowa daidai kullum ne saboda kullum maƙwabtan su ne, hirar ma ita ce.

Mutuwar nan ma aiki ce. Hannunmu kamar faranti yake farawa, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su ji saƙon BMP su mutu, yatsu su rabu. Baba Mai Kaji, a ƙafar agwagwa akwai wani furotin, Gremlin, da ke toshe saƙon, shi ya sa fatar ta zauna. Da aka sa shi a ƙafar tayin kaza, ita ma ta fito da fata tsakanin yatsu.

Mai Kiwon Kaji: Ikon Allah. Wato bambancin ƙafar kaza da ta agwagwa, wani ne ya ce a mutu, wani ya ce a dakata.

Ungozoma: Ni abin da ya fi damuna a wannan hira shi ne lokaci, kuma ina so matan da ke nan su ji. Duk wannan magana da ƙwayoyi ke yi, mafi nauyinta ana yin ta ne kafin mace ta tabbatar tana da ciki. A mako na 3 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi ake shimfiɗa jiki hawa uku: na sama ya ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ya ba da tsoka da ƙashi da jini, na ƙasa ya ba da hanji da huhu da hanta. Wajen kwana na 22 zuciya ta fara bugawa. Laka kuma shimfiɗe take farawa, sai gefunanta su taso su haɗe kamar ana jan zif, a gama rufewa wajen kwana na 28. A lokacin mace ba ta fi mako biyu da ɓatan wata ba.

Na taɓa karɓar wata haihuwa da ba na mantawa. Yarinya ce kyakkyawa, ta yi kuka da ƙarfi, sai da na juya ta zan goge bayanta na ga wani ƙullutu ja mai sheƙi a ƙasan baya, girman ƙwan kaza, fata ba ta rufe shi ba. Na taɓa tafin ƙafarta, ba ta janye ba. Uwar tana tambayata mace ce ko namiji, ni kuma ina neman tsumma mai tsabta da ruwan gishiri in rufe wurin. Wannan uwar ba ta fasa zuwa awo ko sau ɗaya ba, kuma ta sha duk maganin da aka ba ta. Amma a wata na huɗu ta fara zuwa, zif ɗin kuwa tun watan farko ya tsaya.

Wani babban bincike da aka buga a Birtaniya a 1991 ya nuna folik asid, wani nau'in bitamin, ya rage sake aukuwar wannan matsala da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri. Shawarar da ake bai wa sauran mata ita ce maikurogiram 400 kullum, a fara tun kafin a ɗauki ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Injiniya, matarka ta riga ta wuce wannan matakin, Allah ya sa an wuce lafiya, amma ka gaya wa ƙannenka.

Injiniya: Amin Hajiya. Jikina ya yi sanyi. In sha Allahu zan faɗa.

Malamin Bayoloji: Hajiya ta taɓo abin da ke nuna hirar gaskiya ce, domin ana iya katse ta daga waje. A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka suka riƙa samun 'yan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Aka yi shekaru ana bincike kafin a gano wani tsiro ne da tumakin ke ci a kan tsaunuka, kuma sai tunkiya ta ci shi wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki abin ke faruwa. Ashe ido wuri ɗaya yake farawa a tsakiya, Shh ne ke fitowa daga ƙasa ya ce wa 'yan tsakiyar su bar zama ido, filin ya rabu biyu. Gubar tsiron tana toshe hanyar jin Shh. DNA ɗin ɗan tunkiyar babu abin da ya same shi, saƙo ne bai isa ba.

Haka maganin talidomaid da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suna sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, da yawa hannuwansu guntaye. Ɓarnar tana faruwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36, kuma ranar da aka sha ita ke nuna gaɓar da za ta taɓu: kunne da farko, sai hannu, sai ƙafa.

Dattijo: Malam, saura abu ɗaya. Zuciya a hagu, hanta a dama. Sama da ƙasa na gane, gaba da baya na gane. Hagu fa, ta ina ƙwaya za ta san hagu?

Ɗalibar Likitanci: Baba, wannan ne na fi so a duk darasin. A tayin ɓera akwai wani ɗan kwarmi a tsakiya, ƙwayoyinsa kowace da silin gashi guda ɗaya ƙanƙani. Gashin yana juyawa, duk ta fuska ɗaya, kuma a ɗan karkace yake zuwa baya, don haka yana tura ruwan da ke kwarmin zuwa hagu. Ƙwayoyin bakin kwarmin na hagu su ji ruwa yana dukansu, sai a kunna wani shafi mai suna Nodal a wannan gefen kaɗai. Daga nan saƙon ya bazu a hagu duka. Masana a Japan, ƙarƙashin Nobutaka Hirokawa, suka ga wannan kwararar a 1998. Daga baya wasu suka sa tayin a na'ura suka tura ruwan dama da ƙarfi, sai gaɓoɓin suka juya.

Akwai mutanen da ake haifa gashin nan nasu ba ya motsi. Suna fama da ciwon ƙirji da na hanci, domin irin gashin ne ke share majina daga huhu. Kusan rabinsu zuciyarsu a dama take, hanta a hagu, tunda babu ruwan da ya nuna hanya sai abin ya zama dace. A jama'a gaba ɗaya, wajen mutum 1 cikin 10,000 ne kayan cikinsa ke juye haka, wasu ba sa sani sai ranar da aka ɗauki hoton ƙirjinsu.

Injiniya: To na sauka daga maganar lamba. Amma ban sauka duka ba Malam. Bakin da kunnen da makunnin, duk a DNA aka rubuta su. Abin da na yarda shi ne ba hoton gini ne a ciki ba, ƙa'idojin aiki ne: in ka ji kaza, yi kaza. Mu a wurinmu da za a ba leburori ƙa'idoji kawai babu zane, ba na jin za a samu ɗaki mai kusurwa huɗu. Yadda ƙa'ida kaɗai ke fitar da hannu mai tsawo daidai da ɗan'uwansa, alhali ba sa ganin juna, wannan har yanzu yana cina.

Malamin Bayoloji: Wannan gyaran naka na karɓe shi hannu biyu. Kuma akwai ƙa'idar da za ta burge ka, don awo ce da agogo. Gaɓoɓin ƙashin baya daga wasu 'yan dunƙule suke fitowa, bibbiyu, dama da hagun laka. A ƙwayoyin wutsiyar tayi akwai shafukan da ke kunnuwa su mutu, su kunnu su mutu, kuma maƙwabta suna daidaita bugunsu da juna ta Notch. Duk zagaye ɗaya sai a yanke dunƙule biyu. A kaza minti 90 ne, a ɓera awa 2, a mutum wajen awa 5. An fara ganin agogon a tayin kaza a 1997, a Faransa.

Baba Mai Kaji, kai kana da abin da yawancinmu ba mu da shi. Ɗauki ƙwai ɗaya da ya yi kwana 3 a injin, ka kwantar da shi a gefe na ɗan lokaci don tayin ya taso sama. Huda ƙarshen mai faɗi, ka zuƙe farin ƙwai kaɗan da sirinji don abin ya sauka, sannan ka manna salatif a sama ka yanke ɗan tagar da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ka duba da gilashin ƙara girma. Gani ya kori ji.

Mai Kiwon Kaji: Jama'a na dawo. Na yi yadda Malam ya ce da ƙwai biyu, na farko na fasa gwaiduwar, na biyu ya yi. Abin yana kwance a kan gwaiduwa, a lanƙwashe kamar ƙugiya, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, jijiyoyi ja sun kewaye shi. Zuciyar a waje take, ɗan jan abu yana cika yana sakewa, na ƙirga har na gaji. Dunƙulen da Malam ya faɗa na gan su a jere gefen baya kamar carbi, na wajen kai sun fi girma, na wajen wutsiya ƙanana har su ɓace. Na kira yarana duka suka gani, ƙaramar ta ƙi tashi daga wurin. Na rufe tagar da salatif na mayar da shi injin. Malam, gobe da safe in na sake buɗewa, fiffiken zai fara nunawa?